Wanda ya ɗaura bam da wanda ya ɗaura masa

Duk lokacin da bam ya tashi a kasuwa ko a wurin ibada aka ce ɗan ƙunar baƙin wake ne, abin da ke fara fitowa daga bakin mutane shi ne: "Wannan wane irin mahaukaci ne?" Tambayar ba ta da laifi, sai dai ta faɗa kan mutumin da ya fi kowa arha a cikin lamarin. Wanda ya ɗaura bam ɗin shi ne na ƙarshe a layi. Kafin shi akwai wanda ya hango shi, da wanda ya ja shi a jiki, da wanda ya karanto masa hujja, da wanda ya fitar da kuɗi, da wanda ya raka shi har kusa da wurin sannan ya juya. Dukkansu da ransu gari zai waye.

Ƙungiyoyi suna rungumar wannan hanya ne saboda sun ga ta biya wa wasu buƙata. A ranar 23 ga Oktoba 1983 'yan ƙunar baƙin wake suka kutsa da manyan motoci biyu maƙare da bama-bamai cikin barikokin sojojin ƙetare a Beirut, aka kashe sojojin Amurka 241 da na Faransa 58. Cikin wata huɗu Amurka ta kwashe sojojinta daga birnin. Masu ɗauke da makamai a ko'ina sun lura. Waɗanda suka fi kowa ɗaukar darasin su ne 'yan tawayen Tamil na Siri Lanka, waɗanda suka kai harinsu na ƙunar baƙin wake na farko a Yulin 1987, suka kafa runduna ta musamman don wannan aiki, suka kashe tsohon firaministan Indiya Rajiv Gandhi a 1991 da shugaban Siri Lanka Ranasinghe Premadasa a 1993. Mafi yawansu daga gidajen mabiya Hindu suka fito, kuma ƙasa suke nema, babu ruwansu da alkawarin Aljanna. Robert Pape na Jami'ar Chicago ya ƙirga hare-hare 315 tsakanin 1980 da 2003, ya tarar 76 nasu ne, sun fi kowace ƙungiya. Daga nan ya ce tushen abin shi ne neman korar sojojin mamaya.

Bayanin Pape ya dace da zamanin da ya ƙirga, amma a ganina ya gaza daga baya. A Iraƙi da Pakistan da yankin Tafkin Chadi, yawancin waɗanda bama-baman suka ci 'yan ƙasa ne, masu addini ɗaya da maharin, a kasuwa ko a sahun salla. Babu sojan mamaya a cikinsu. Manufar a nan ita ce a nuna gwamnati ba ta iya kare kowa, ko a haddasa faɗan ɗariƙa, ko ƙungiya ta nuna wa abokan gasarta cewa ta fi su zafi.

Batun hauka kuwa, masu shirya harin su ne suka fi kowa gudun mahaukaci, don ba ya riƙe sirri kuma ba a san abin da zai yi gobe ba. Ariel Merari, masanin halayyar ɗan Adam a Isra'ila, ya zauna a kurkuku da Falasɗinawa 15 da aka kama kafin bam ɗinsu ya tashi, ya kuma zauna da waɗanda suka shirya irin waɗannan hare-hare. Babu mahaukaci a cikin matasan. Mafi yawansu masu sanyin hali ne, masu neman a yarda da su, waɗanda cewa "a'a" ga na gaba ke yi musu nauyi, wasunsu kuma suna ɗauke da baƙin ciki mai zurfi tun kafin a same su. Masu shiryawar sun fi su shekaru da wayo da ƙarfin zuciya, kuma da yawansu sun amsa cewa su kansu ba za su yi ba.

Talauci ma bai isa bayani shi kaɗai ba. Mohamed Atta, jagoran maharan 11 ga Satumba 2001, tsara birane ya karanta a Hamburg. Biyu daga cikin maharan ranar Ista ta 2019 a Siri Lanka 'ya'yan wani hamshaƙin ɗan kasuwa ne. Inda talauci ke aiki shi ne yana sauƙaƙa wa mai ɗiban mabiya: wanda ba shi da aiki, ba shi da halin aure, hukuma ba ta san da zamansa ba, ba sai an sha wahala wajen janye shi ba. Amma masu irin wannan hali miliyoyi ne, waɗanda ke shiga kuwa 'yan tsiraru.

Abin da ke tsamo tsirarun nan yawanci mutum ne da suka sani. Marc Sageman, likitan ƙwaƙwalwa kuma tsohon jami'in leƙen asirin Amurka, ya bi tarihin mutum 172 masu alaƙa da Alƙa'ida, ya ga galibinsu ta hannun aboki ko ɗan'uwa suka shiga, sau da yawa a gungu. Zama ake fara yi tare, a ci abinci tare, a kalli hotunan gawarwakin "namu" tare, aƙida ta biyo baya. A ƙarƙashin wannan akwai ciwon da masanin halayyar ɗan Adam Arie Kruglanski ya kira neman ƙima: mutum ya ji an wulaƙanta shi, ko an wulaƙanta mutanensa, sai wani ya zo ya ce masa ga hanyar da sunanka zai wanku. Matan Ceceniya da suka kai hare-hare a Rasha, da yawansu sun rasa miji ko ɗan'uwa a yaƙin.

Daga amsawa zuwa ranar harin, aikin masu shiryawa ɗaya ne: toshe hanyar komawa. Ana raba mutum da gida da tsofaffin abokai, a hana shi kaɗaita da tunaninsa. Ana gajarta lokaci, don sun san zuciya na sanyi idan aka daɗe. Sai a sa shi a gaban kyamara ya karanta wasiyya, tuta a bayansa, ya yi bankwana da mahaifiyarsa. Mutane na ɗaukar bidiyon nan a matsayin farfaganda kawai, alhali babban aikinsa a kan mai maganar ne. Wanda aka riga aka ɗauka yana bankwana, abokai suna kiransa shahidi tun yana numfashi, da wace fuska zai dawo ya ce ya fasa? 'Yan Tamil kan ba wa nasu cin abincin ƙarshe tare da shugabansu Prabhakaran, a ɗauki hoto. Manufar ɗaya ce.

Ga ƙungiyoyin da ke iƙirarin Musulunci akwai katanga babba a gabansu, domin haramcin kashe kai a fili yake: aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta ce kada ku kashe kanku, hadisai ingantattu kuma sun yi alkawarin azaba ga wanda ya yi. Sai su fara da sauya suna, su daina cewa kisan kai su ce aikin neman shahada. Sannan su kawo ƙissar sahabin da ya kutsa cikin rundunar abokan gaba shi kaɗai, da hadisin yaron da ya nuna wa sarki yadda zai kashe shi. Malamai sun amsa cewa a duka biyun hannun wani ne ya yi kisan, kuma mai kutsawa yana iya fita da ransa. Katanga ta biyu ita ce jinin waɗanda za a kashe, kuma da kafirtawa ake rusa ta: mai aikin gwamnati kafiri, wanda bai kafirta shi ba shi ma kafiri, har da'irar ta haɗiye gari guda. Wannan hujja ba ta shiga kan mai ilimi da sauƙi. A binciken da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017 kan waɗanda suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, kashi 57 cikin ɗari sun amsa cewa fahimtarsu ga nassoshin addini kaɗan ce ko babu.

Akwai kuma waɗanda bai kamata ma a sa su cikin wannan lissafi ba. Wani nazari na wata cibiya a West Point, makarantar sojojin Amurka, ya ƙirga 'yan ƙunar baƙin waken Boko Haram 434 daga 2011 zuwa tsakiyar 2017, aƙalla 244 mata ne. UNICEF ta ce a watanni takwas na farkon 2017 an yi amfani da yara 83, 55 daga ciki 'yan mata. Yarinyar da aka sace, aka kashe iyayenta, aka ce ta zaɓa tsakanin auren mayaƙi da ɗaukar bam, neman aƙida a kanta ɓata lokaci ne. An zaɓe ta ne don ba a cika binciken mata ba, kuma rasa ta bai rage wa ƙungiyar mayaƙi ko ɗaya ba.

Inda gwamnatoci suka fi yin kuskure shi ne bayan harin. A kewaye unguwa, a kwashe samari, wasu su ɓace ba labari. A wancan binciken na Hukumar Raya Ƙasashe na 2017, kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya tunkuɗa su a ƙarshe wani mataki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Mai shirya hari yana fatan irin wannan martani, don shi ke kawo masa sababbin yara. Cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta duba ƙungiyoyin ta'addanci 648 daga 1968 zuwa 2006: cikin waɗanda suka ƙare, kashi 43 sun koma siyasa, kashi 40 aikin 'yan sanda da leƙen asiri ne ya karya su, ƙarfin soja kuwa kashi 7 kacal.

Su ma ƙungiyoyin suna yin nasu kuskuren, kuma yakan fi yi musu illa idan aka bar jama'a suka gani da idonsu. A Nuwamban 2005 mutanen Zarƙawi, shugaban Alƙa'ida a Iraƙi, suka kai hari otal uku a Amman, babban birnin Jodan, ɗaya ana tsakiyar bikin aure, kimanin mutum 60 suka mutu, har da mahaifin ango da na amarya. Kafin nan, ƙuri'ar jin ra'ayi ta cibiyar bincike ta Pew ta nuna kashi 57 cikin ɗari na mutanen Jodan suna ganin irin wannan hari na iya halatta a wasu lokuta. Shekara guda bayan haka adadin ya sauko zuwa 29.