Yadda na yi kiwon dodon koɗi a Sakkwato don neman lafiyar haihuwa

Na haura hamsin, na kuma yi sabon aure, shi ya sa na kasa kunne da maganar dodon koɗi ta fara yawo a tsakanin abokai, wai yana gyara maniyyi. Akwai ƙamshin gaskiya a bayanin. Da shekaru suka ja, sinadarin mazakuta da ake kira testosteron na raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara, wasu sinadarai masu ɓarna kuma suna cin fatar ƙwayar maniyyi kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Jiki na tare su da taimakon seleniyum, zink da bitamin E, naman dodon koɗi kuwa yana da seleniyum da sinadarin ƙarfe, ga gina jiki, ga ƙarancin kitse.

Kafin in kai shi baki sai da na tambayi malaminmu. Ya ce a wajen Imamu Malik hukuncinsa ɗaya da fara: a kama shi da rai, a yi bisimilla, a dafa ko a gasa, wanda aka tsinta matacce kuma ba a ci. Uwargida dai ta ce halas ko ba halas ba, ba da tukunyarta ba. Na sayi tawa.

Manyan na tudu na saya a wajen matan kudu da ke kawo su, ba ƙananan na cikin ruwa da ke yaɗa tsargiya a bakin gulbin Rima ba. Kiwon ne aiki. Wannan halitta ta dajin kudu ce, danshi take so, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40. Na jera tsofaffin tayoyi a inuwar darbejiya, na zuba ƙasa mai laima, na rufe da raga saboda ɓera da cinnaka. Ina yayyafa ruwa safe da yamma, ina ba su ganyen gwanda, kokwamba da dakakken ɓawon ƙwai don katantanwarsu ta yi ƙwari. Gishiri kisa ne a gare su. Da damina suka yi ƙwai, da hunturu ya shigo sai suka toshe bakin katantanwa da wata farar fata suka daina ci. A nan, in ba ka da ruwa isasshe, gara ka saya ka ci kawai.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yauƙin. Yawancin binciken da ake ambata a kan yauƙin ne ko ruwan da aka tace daga jikinsa, kuma a kan ɓeraye ko a ɗakin gwaji aka yi. Mu kuwa yauƙin nan shi muke wankewa da alif da lemon tsami kafin farfesu. Wani ya ce in sha shi ɗanye, na ƙi, domin ɗanyen dodon koɗi na iya ɗauke da tsutsar da ke hawa ƙwaƙwalwa.

Daga baya na je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo aka gwada maniyyina. Likita ya ce, "Alhaji, ci abinka, nama ne mai kyau, amma ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta kammala girma. Duk wanda ya ce maka ya ga canji cikin mako ɗaya, zuciyarsa ce ta faɗa masa." Ya nuna mini ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, wato aƙalla ƙwayar maniyyi miliyan 16 a kowace mililita. Ko ƙwayoyin bitamin ɗin ma, wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2020 bai ga sun inganta maniyyin maza ba.

Gwajin jini ne ya tono suga ta hau, ita kuma tana taɓa jijiyoyi da ƙarfin namiji kai tsaye. Na fara shan magani, na rage lemon kwalba, ina tafiyar ƙafa bayan asuba. Gwaji na biyu ya fi na farko, sai dai abubuwa da yawa na canza lokaci guda, don haka ban ba dodon koɗi lambar yabo shi kaɗai ba. Har yanzu ina cin farfesunsa da albasa da tafarnuwa, sauran kuma ina sayar wa wani gidan abinci na 'yan kudu.