Baƙo makaho ne: abin da na ɓata a shekaruna na aikin bishara a Habasha

Duk sa'ad da matasan ikkilisiya suka kewaye ni a kan shekaru ukun da na yi ina aikin bishara a ƙasar Habasha, tambayarsu ta farko ba ta wuce, "Baba, ka je Lalibela?" Na je garin nan mai tsofaffin majami'un da aka sassaƙa cikin dutse. Hotuna ma suna nan jibge a kwamfuta. Amma akwai waɗanda in na buɗe su yanzu sai gabana ya faɗi, domin na san abin da na taka kafin na ɗauke su. Ƙannena masu shirin fita, saboda ku nake wannan rubutu, don kada ku bi ta inda na bi.

Na sauka Adis Ababa a watan Oktoba na 2015. Takardar farko da aka miƙo mini a wani shago tana ɗauke da shekarar 2008. Habashawa suna da kalandarsu: wata goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, da ɗan ƙaramin wata na goma sha uku mai suna Pagume, kwana biyar ko shida, sabuwar shekara kuma tana kamawa a watan Satumba. Abin ya burge ni, na rubuta wa mutanen gida labarinsa a daren nan. Sai dai ban tsaya na tambayi kaina ba: mutanen da suke da nasu lissafin shekara, yaya suke lissafin awa?

Amsar ta same ni a kudu, a yankin Wolaita, inda aka tura ni koyarwa a wata ƙaramar makarantar Littafi Mai Tsarki. A makona na biyu aka ce dattawan ikkilisiyoyin kewaye za su zo gaishe ni ranar Asabar da ƙarfe biyu. Na ce to, ashe safiyar tawa ce. Na rataya kyamara na shiga kasuwa, ina ɗaukar masu jakuna da tulin tukwane, har rana ta take. Da na iso majami'a da ƙarfe biyu na agogona, ba kowa sai mai shara. A can ana fara ƙirga awa ne daga fitowar rana: bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya, takwas shi ne ƙarfe biyu. Dattawan nan sun taso tun da duhu, wasu sun yi tafiyar awa uku a ƙafa cikin tuddai, sun zauna a benci suna jira har suka gaji suka watse. Wani daga cikinsu ya gan ni a kasuwa a hanyarsa ta komawa.

Babu wanda ya yi mini faɗa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na bi su gida gida ina neman gafara, kowa ya ce ba komai, amma na yi watanni kafin su sake buɗe mini ciki. Matambayi ba ya ɓata. Duk ƙasar da aka tura ka, a makon farko ka samu mutum guda mai haƙuri ka zauna da shi ka tambaye shi ƙananan abubuwa: yadda ake faɗin lokaci, wa ake fara gaisarwa, da wane hannu ake karɓa, me ake sawa zuwa gidan makoki, in an ce "to" ana nufin an yarda ne ko an ji kawai. Waɗannan sun fi maka amfani a kan jerin wuraren da za ka gani.

Kada ku ɗauka ina hana yawon buɗe ido. Ko kaɗan. Manzo Bulus ma da ya isa Atina ya zaga birnin yana duba wuraren sujadarsu, a nan ya ga bagaden da aka rubuta wa allahn da ba a sani ba, kuma da shi ya buɗe jawabinsa a Tudun Arasa, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 17. Bulus ya duba don ya fahimci mutanen. Ni kuwa na duba don in samu abin nunawa. Kyamarar iri ɗaya ce a hannun kowa, zuciyar da ke bayanta ce ta bambanta.

A shekarata ta biyu na tafi Lalibela lokacin Genna, wato Kirsimetinsu, da ake yi ranar 7 ga Janairu. Gani ya kori ji. Majami'u goma sha ɗaya ne, ba a ɗora dutse a kan dutse ba, sassaƙa su aka yi daga sama zuwa ƙasa a cikin fā guda, a zamanin Sarki Lalibela, wajen ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13. UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya tun 1978. Wadda ake kira Bete Giyorgis tana da siffar gicciye; kana tafiya a fili sai ka ga rufinta daidai da tafin ƙafarka, ita kuwa tana can ƙasa cikin rami, sai ka bi wata siririyar hanya kafin ka kai ƙofarta. Dubban masu ziyara sun cika wurin, sanye da fararen mayafai, da yawansu sun yi kwanaki suna tafiya a ƙafa, suna kwana a kan duwatsu cikin sanyin da ke ratsa ƙashi.

A bakin ƙofar wata majami'ar na ga wata tsohuwa ta jingina goshinta da bango tana addu'a, hawaye na bin kumatunta. Tafin ƙafarta duk ya tsage. Haske ya sauko mata ta wata 'yar taga. Na matsa kusa, kusa ƙwarai, na danna. Ƙarar ta sa ta juyo, ta dube ni, ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta bar wurin ba ta gama addu'arta ba. Ɗalibina da ya rako ni ya yi shiru har muka fito muka sa takalmanmu, sannan ya ce a hankali, "Gashe, da mahaifiyarka ce fa?" Gashe shi ne yadda suke kiran babba don girmamawa. Ban sami amsa ba.

Abin da na yi bayan haka ya fi muni. Na sa hoton a wasiƙar addu'a da nake aika wa masu tallafa mini, na rubuta a ƙasansa cewa ga mutanen da ke cikin duhu. Matar da ban san sunanta ba, ban ji kalma ɗaya daga addu'arta ba, na yanke mata hukunci don wasiƙata ta taɓa zukata. Ina da bambancin koyarwa da Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha, har yau ina da shi, ba na ɓoyewa. Amma bangaskiyar Kirista ta kafu a ƙasar nan tun ƙarni na 4, lokacin da Sarki Ezana na Aksum ya karɓe ta ta hannun Furumentiyus. Suna karanta Littafi cikin harshen Ge'ez tun ƙarnoni da dama kafin a haifi ƙungiyar mishan ko ɗaya da muka sani. Wanda ya shiga irin wannan wuri, ya tuɓe takalminsa, ya tuɓe girman kansa tare da shi. Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum. Mai addu'a, da mai kuka, da mara lafiya, da yaron da iyayensa ba sa wurin, ka bar su. Kuma kada ka rubuta a ƙasan hoton mutum abin da ba za ka iya karanta masa a gabansa ba.

Haka ma batun Facebook. Na taɓa sa hoton baftismar wani saurayi don murna, danginsa ba su riga sun sani ba, labari ya isa gare su ta waya kafin ya isa ta bakinsa. Shi ya sha wahalar, ni ina ɗakina ina ƙirga masu cewa amin. Shaidar mutum tasa ce, shi zai zaɓi ranar faɗinta.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son yi. Tikitin jirgin da ya kai ni Lalibela daga kuɗin aiki na cire, na ce wa kaina ai tafiyar ilimi ce. Wataƙila da na tambaya da an yarda. Ban tambaya ba, kuma ban rubuta ba. Kuɗin nan baikon gwauraye ne da 'yan fansho. Daga baya na faɗa wa waɗanda suka aike ni, na mayar, amma da kunya. Ka raba jaka biyu tun ranar farko, ta aiki da ta kanka. Hutu ba zunubi ba ne, Ubangiji da kansa ya ce wa almajiransa su keɓe su huta kaɗan. Ka sa shi a cikin tsarinka a fili, ka faɗi ranakun, ka biya daga aljihunka. In ka tafi da ɗan ƙasa, kada ya zama mai riƙe maka jaka: ku ci tare, ku kwana a masauki ɗaya, ka ɗauki nauyinsa. Ɗalibin nan nawa bai taɓa ganin Lalibela ba sai a wannan tafiya, ƙasarsa ce kuwa, ni kuma ban tambaye shi ko sau ɗaya me yake so ya tsaya ya gani ba.

Ƙananan abubuwa a gurguje. Adis Ababa tana sama da mita 2,300 daga matakin teku, kada ka hau dutsen Entoto a kwanakin farko kamar yadda na yi, ciwon kai da haki za su kwantar da kai. Ka shiga ƙasa da takardar izinin da ta dace da aikinka, ban da ta 'yan yawon shaƙatawa. Ka kawar da kyamara daga sojoji da gine-ginen gwamnati. In ana tashin hankali a wani yanki kuma 'yan ƙasa suka ce kada ka je, kada ka je.

Inda na fi yin asara kuwa shi ne cikin unguwa, a ranakun da ba a ɗaukar hoto. Maƙwabciyata wata dattijuwa ce, muna kiranta Emama. Kusan kullum da yamma takan aiko jikanta ya kira ni shan buna, wato kofi. Ba abin gaggawa ba ne. Za ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta wanke 'ya'yan kofin, ta soya su a kan garwashi, ta zagayo da hayaƙin kowa ya shaƙa, ta daka a turmi, ta dafa a tulun yumɓu mai dogon wuya da ake kira jebena, turare na tashi a gefe. Zagaye uku ake sha, na ƙarshen sunansa baraka. Wata shida ina shan kofin farko in miƙe, wai ina da darasin da zan shirya. Ranar da ruwan sama ya tsare ni na zauna har na uku, a ranar ce ta gaya mini cewa ɗanta ya tafi neman aiki ƙasashen Larabawa shekara biyu ba labari, ta ce in yi addu'a. Wata shida tana kiran mai bishara gidanta da wannan nauyi a zuciya, shi kuwa yana duba agogo. Na tsallaka ƙasashe don in yi wa mutane hidima, hidimar tana bayan katangata ban gan ta ba.

Na kuma taɓa gayyatar wani maƙwabci ɗan Otodoks cin abinci ranar Juma'a, na sa aka dafa nama don in karrama shi. Ya zauna yana murmushi yana gutsurar injera, wato faffaɗar wainarsu, zalla. Su Laraba da Juma'a ranakun azumi ne, ba nama, ba madara, ba ƙwai, ga kuma babban azumi na kwana 55 kafin Ista. Shekara guda ina zaune kusa da shi ban sani ba, alhali na haddace sunayen fadojin sarakuna na tsohon birnin Gondar.

Harshe ma haka. Na jinkirta koyonsa ina dogara da tafinta, ina cewa ba lokaci. Baƙaƙen Amharik, babban harshen ƙasar, sun haura talatin, kowanne da siffa bakwai, mutanen da nake cikinsu kuma Wolaitanci suke yi a gida. Da wuya, gaskiya ne. Amma kwanakin da na kashe a hanyar Tafkin Tana da magangarar Shuɗin Nilu sun isa in koyi gaisuwar makoki da addu'ar mara lafiya. Ranar da na fara yin addu'a da harshensu, da kurakurai birjik, wata mata ta riƙe hannuna da hannayenta biyu ta ƙi saki.

Gab da dawowata wani dattijo, ɗaya daga cikin waɗanda na bari suna jira a benci, ya ce zai kai ni in ga wani wuri. Na ɗauko kyamara, sai kuma na mayar da ita cikin jaka. Muka yi tafiya mai nisa a ƙafa zuwa wata 'yar majami'a ta laka da rufin kwano. A hanya ya ba ni tarihin da ya kamata in nema tun zuwana. 'Yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission, wato SIM, sun shigo Habasha a 1927. Da sojojin Italiya suka mamaye ƙasar, aka fitar da su daga Wolaita a 1937, suka bar masu bi 48 da aka yi wa baftisma. Bayan 'yan shekaru suka dawo suka tarar da dubbai, ba baƙo ko ɗaya a cikinsu duk tsawon lokacin, sai manoma da ke bi ƙauye ƙauye da bishara, ana kama su ana yi musu bulala. Ya nuna mini wata bishiya a bayan majami'ar, ya ce a ƙarƙashinta mahaifinsa yake tara mutane da dare. Muka zauna a kan saiwarta. Ya ce, "Ɗana, ka yi mana addu'a da harshenmu." Na yi, yana gyara mini kalmomin da na karya, har muka kai amin.