Yadda na canza famfon sinkin gidanmu da hannuna

Famfon da ke kan sinkin madafinmu ya fi wata biyu yana ɗiga. Uwargida ta ɗaure masa tsumma, ta tara kwano, amma kullum da asuba kwanon cike yake. A nan Tudun Wada sai an kawo wuta muke tura ruwa tanki, don haka ɗigon nan yana ci mini rai ƙwarai.

Ranar Asabar na rufe makullin da ke gindin tanki, na buɗe famfon tsakar gida har ruwan da ya rage a bututu ya tsiyaye, sannan na kwanta rigingine a ƙarƙashin sinki da tocila. Ashe noti ɗaya tak ke riƙe da famfon daga ƙasa, amma tsatsa ta cinye shi. Na sa sifana, ko gezau. Sai da na ɗiga masa kananzir na bar shi minti 30, babban ɗana ya riƙe kan famfon daga sama, sannan ya motsa.

Na zuba tsohon famfon da tiyonsa a leda na nufi Sabon Gari. Wannan dabarar ta yi mini rana, domin ban sha wahalar kwatance ba. Mai shagon ya duba ya ce rabin inci ne, kamar na yawancin gidaje. Ya ɗora mini famfo biyu a tafin hannu, duk suna walƙiya iri ɗaya.

"Malam, kada ka bi ƙyalli, ji nauyi," in ji shi.

Mai nauyin tagulla ce a cikinsa, ɗayan kuwa shafe ne kawai. Na ɗauki mai nauyi, na haɗa da sabon tiyo da farin tef ɗin nan da ake naɗa wa haƙoran bututu.

Ɗora famfon bai ɗauke ni lokaci ba. Wajen haɗa tiyo ne na yi ɓarna. Na cika haƙoran da tef, na ɗaure da sifana iya ƙarfina, a tunanina tamkewa ce ke hana yoyo. Ina buɗe makulli sai ga ruwa yana tsartuwa. Na ƙara ɗaurewa, ya ƙara yawa.

Wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe a aikin famfo ya leƙo. Ya kwance tiyon, ya zaro wata 'yar baƙar roba daga bakin tiyon ya miƙo mini. Ta baje, gefe ɗaya ma ya tsage.

"Ɗana, wannan ce ke tare ruwa, ba ƙarfinka ba," ya ce.

Ya nuna mini cewa duk inda robar nan take, tef ba shi da aiki, sai ma ya hana noti zama daidai. Wurinsa shi ne inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe babu roba, kuma ana naɗa shi ne ta gefen da noti zai bi, don kada ya warware. Ya saka wata robar daga aljihunsa, ya murɗa da hannu har ya tsaya, ya ƙara ɗan kaɗan da sifana. "Shi ke nan, Baba?" Ya ce shi ke nan.

Yoyo ya tsaya, amma ruwan yana fitowa siriri. Yashin da ya taso daga bututu ne ya toshe 'yar rariyar da ke bakin famfon. Da na sani, da na cire ta na bar ruwa ya gudu tukuna. Na kwance ta na wanke da tsohon buroshi, ruwa ya zo da ƙarfinsa.

Da dare na shimfiɗa takarda a ƙarƙashin sinkin. Da na dawo daga masallaci da asuba na shafa ta, a bushe take ƙarau, uwargida kuma ta riga ta mayar da kwanonta cikin kwando.