Idan notin salansa ya cije, ku ajiye sifana

Ƙannena masu koyon gyaran babur, akwai wuri guda a jikin tsohon inji da ƙarfin damtse ba ya haifar da komai sai asara: bakin da salansa ke haɗuwa da kan silinda.

Baburan da kuka saba da su, irin su Honda CG125, ƙananan kusoshi biyu ne ke riƙe da salansarsu. Wasu tsofaffin baburan Turai ba haka suke ba. BMW mai silinda biyu a kwance, tun daga R75/5 na 1969 har zuwa R100 na shekarun 1990, a jikin kan silindar aka yanka tiredin, wato layukan da noti ke bi, ta waje, ana ɗaura masa ƙaton noti mai fukafukai. Kan alminiyom ne, notin ma alminiyom. Zafi ya gasa su shekara da shekaru, datti ya shiga tsakani, sai su manne.

Wani BMW R80 aka taɓa kawo mini. Notin ya fara juyawa lafiya lau, sai ya cije. Maimakon in tsaya, na zura bututu a jikin sifana na haye. Ya fita kam, amma da na leƙa cikinsa sai ga tiredin kan silindar a nannaɗe a ciki kamar taliya, bakin kan silindar ya koma sumul. Alminiyom idan ya fara cin ɗan'uwansa, duk juyin da kuka ƙara ɓarna kuke ƙarawa.

Abin da ya kamata in yi: in mayar da shi baya kaɗan, in zuba man kwance tsatsa, in jira. In ya ƙi, zarto. A yanka notin a tsakanin fukafukansa, sannu a hankali, a tsaya kafin a kai ga tiredi, a sa kurfi a tsagar a buɗa shi. Ana samun sabon noti, kuɗinsa bai kai ya kawo ba idan an kwatanta da kan silinda. Mai babur zai ɓata rai ya ga kuna yanka kayansa; ku bar shi ya ɓata.

Garin gyara ɓarnar na sake tafka wata. Don sauri, na kai wa mai waldar ƙofofi kan silindar. Ya zuba wuta ba lissafi, zoben da bawul ke zama a kai ya saki. Da ma matse shi aka yi a ramin, kuma alminiyom na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Wannan aikin na mai waldar agon ne, irin waldar da ake yi wa alminiyom: a cire bawul da duk tarkace, a cika bakin, a sake yanka tiredi da injin sassaƙar ƙarfe. Ko a sassaƙe bakin a saka masa hannun riga mai sabon tiredi. Idan kuwa layi ɗaya ko biyu ne kawai suka kwanta, magagarin tiredi ya isa, ko abin yanka tiredi mai lamba M52x2 ga manyan injinan.

Norton Commando na Ingila ciwonsa daban. Tiredinsa ta ciki yake, injin kuma a kan roba yake zaune, yana ta karkarwa. Noti ya ɗan saki, salansa ta riƙa kaɗawa tana cinye tiredin a hankali. Maganinsa zoben tagulla mai tiredi da ake dasawa a ramin, sannan a riƙa ƙara matse notin bayan inji ya yi zafi.

Wajen mayarwa, ku wanke tiredi da buroshin waya, ku shafa man hana mannewa mai garin jan ƙarfe, don giris na yau da kullum ƙonewa yake yi a wurin. Juyin farko da hannu, ba da sifana ba. Na BMW kuma ku gaya wa mai shi ya riƙa kawowa duk shekara a kwance a sake shafa man.