Buhunan da ba a sace ba

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis da kwamfutar aiki, na sauko daga benenmu na Sabon Gari. Shekara uku na yi a wurin. Waɗanda muka yi aiki tare sun san ɗakin, sun san tsanin ƙarfen da muke ɗaurewa a kan Keke Napep, sun kuma san Oga, saboda haka ba sai na ɓata lokaci a kansu ba. Maganar sito ce ta sa ni wannan rubutu, domin har yanzu ana ba da labarin a karkace, kuma duk wanda ya gaji kujerata da irin kyamarar ƙirga buhuna da muka kafa a siton zai yi fama.

A rufin wani siton hatsi da ke bayan Kwangila a Zariya muka kafa ta. Kyamarar auna nisa ce, mai harba hasken infared da ido ba ya gani, ya bugi abu ya dawo, ta lissafa nisa daga jinkirin da ya yi. Kowace safiya takan auna girman tarin buhuna, manhajar da na rubuta ta mayar da shi adadin buhu, ta tura wa Alhaji mai kayan a wayarsa. Kowane ɗigo na sensarta, wato ɓangaren da ke karɓar hasken, kamar bokiti ne da aka ajiye a ruwan sama, lokacin shan haske kuma shi ne tsawon lokacin da ka bar bokitin a waje. In ya cika ya tumbatsa, ba ka san yawan ruwan da ya sauka ba. In kuwa ɗan jiƙa gindinsa kawai ya yi, ba za ka bambanta shi da raɓa ba. Ko wanne ya faru, nisan da wannan ɗigo ya ba ka ba abin dogaro ba ne.

Na san wannan tun a aji. Abin da ban yi ba shi ne in ɗauke shi da gaske. Duk gwajin da na yi, da kwalayen taliya masu ruwan ƙasa na yi shi a ofis, duk launi ɗaya, duk a nisa kusan ɗaya. Na bar lokacin shan haske a saitin otomatik, na ga hoto ya fito tsaf, na ce an gama.

A watan Disamba masara ta shigo da yawa, motoci suna ta saukewa daga Giwa da Soba da Makarfi. 'Yan dako suka jera sababbin fararen buhuna, masu ƙyallin nan, har tarin ya taso kusa da kyamara, saura kamar mita ɗaya da rabi. A can ƙurya, wajen mita shida, akwai tsohon tari da aka lulluɓe da baƙin tamfol aka sa masa ƙwayar maganin ƙwari. Hasken da ke dawo wa kyamara yana raguwa da sauri in abu ya yi nisa: wanda ya ninka ɗan'uwansa nisa sau huɗu, kashi ɗaya cikin 16 na hasken zai dawo daga gare shi. Ga shi farin buhu yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, baƙin tamfol kuwa shanyewa yake yi, bambancinsu ya kai wajen sau goma. Haɗa biyun, tsakanin buhun da ke kusa da tamfol ɗin da ke nesa an haura ninki 150. Saitin otomatik ya ga fararen buhuna suna neman tumbatsa, sai ya rage lokacin shan haske don ya cece su. Saman tamfol ya nutse cikin duhu, kyamara ta yi wa ɗigogin wurin alamar cewa ba ta da awo a kansu.

Har nan kyamara gaskiya ta faɗa, ta ce ban gani ba. Ni ne na toshe mata baki. Watanni kafin haka, da Oga ya ga baƙaƙen ramuka a hoton gwaji, ya ce min: "Alhaji ba zai biya kuɗi a kan hoto mai ramuka ba. Ka cike su." Na ce, "Yallabai, ramin yana nufin wurin ba a auna shi ba." Ya ce, "Kai dai cike, in an samu matsala ni ne a gaba." Na rubuta layukan da ke cike kowane rami da awon maƙwabtansa, na kuma cire jan rubutun gargaɗi da ke fitowa a ƙasan rahoto. A wannan safiya maƙwabtan ramin su ne bango da daɓen ƙasa. Manhaja ta rushe saman tarin ta shafe shi, rahoto ya isa wayar Alhaji cewa buhu sama da 200 sun ragu a dare ɗaya.

Alhaji ya kira Oga. Ina tsaye na ji Oga ya ce masa, "Ranka ya daɗe, na'ura ba ta ƙarya." Kafin azahar an karɓe makulli daga hannun Baba mai sito. Ba kuma a iya yaye tamfol a ƙirga da hannu, domin iskar fosfin da ƙwayar ke fitarwa tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro, kuma sai ta yi kwanaki a rufe kafin ta gama aikinta.

Da yamma na same shi a kan benci ƙarƙashin dogon yaron da ke bakin ƙofa, littafinsa na shigar kaya a cinya, gefen shafukan duk sun yi baƙi saboda yawan buɗewa. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, tun kafin a yaye ka nake riƙe makullin mutane. Hau ka sake dubawa, ƙila idon abin nan naku ne ya yi hazo." Ya buɗe littafin ya nuna min layin ranar da aka rufe tarin, ya bi adadin da ɗan yatsa a hankali, ya kai ƙarshe ya sake dawowa farko.

A daren na hau tsani da kwamfuta a kafaɗa. Karo na farko ke nan da na buɗe ɗanyen hoton ƙarfin haske a cikin siton, ba hoton nisa da aka yi wa kwalliya ba. Fararen buhuna suna haske fes, wurin tamfol baƙi ƙirin. Na kashe otomatik na tsawaita lokacin da hannu, sai ga tamfol ya fito cur, da tudunsa da igiyoyinsa, buhunan kusa kuma suka ƙone suka zama fari fat. Na rage, suka dawo, tamfol ya ɓace. Sau uku ina yin haka gwiwata tana rawa a kan tsani.

Da safe na kai wa Oga hotunan biyu. Ya ce a bari sai an yaye tamfol, kada in kuskura in kira Alhaji. Na bi umarni. Kwana huɗu Baba yana zaune a gida, unguwa tana ƙus-ƙus a kansa, ni kuma hujjar da za ta wanke shi tana cikin jakata. Duk cikin abin da ya faru wannan ne ya fi yi min nauyi, ya fi kuskuren saitin nesa ba kusa ba, kuma ba zan iya jingina shi ga kowa ba. Da aka yaye aka ƙirga, buhu ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. A gaban Alhaji, Oga ya ce yaron da ya yi saitin ne bai ƙware ba. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka zaftare min albashin watan. Wanda ya ce in an samu matsala shi ne a gaba, ranar ban ga ƙeyarsa a gaban ba.

Gyaran ya ci min mako uku, yawanci bayan isha'i. Yanzu kyamara tana ɗaukar hoto uku a jere, gajeren lokaci da matsakaici da dogo, kuma ga kowane ɗigo ana zaɓen awo mafi tsawon lokaci wanda bai tumbatsa ba. Wannan dabara tana ruɗewa in abu yana motsi tsakanin hotunan, amma buhu ba ya tafiya, don haka ta dace da mu. Ko da hakan na tarar tamfol yana matsowa kusa fiye da inda yake, ashe hasken fararen buhunan da ke gaba ne ke warwatsuwa a cikin madubin kyamara yana zuba a kan ɗigogin da nasu hasken ba shi da ƙarfi. Wannan ba lissafi ya magance shi ba, jan fenti na saya na ja layi a daɓe, na roƙi shugaban 'yan dako kada tari ya tsallake shi. Na mayar da gargaɗin, na kuma sa manhaja ta ƙi fitar da adadi gaba ɗaya in wuraren da ba a auna ba sun yi yawa. Ban nemi izinin kowa ba kafin in yi wannan na ƙarshe.

Sauran abubuwan gajeru ne. Rana ma tana da infared, kuma duk da cewa ana zaɓen nau'in infared mai zangon nanomita 940 don irin wannan kyamara saboda tururin ruwa a sama yana rage hasken rana a wurin, buɗaɗɗiyar ƙofar sito da hantsi za ta cika maka bokiti, saboda haka a auna kafin gari ya waye. Rigar leburori mai ɗaukar ido tana tumbatsa sensa ko daga nesa. Abin da ido ya kira baƙi ba lalle ne ya zama baƙi a infared ba, na ga baƙin yadi yana haske kamar farar shadda, sai an duba. A goge madubi kullum a lokacin hunturu. A bar kyamara ta ɗumama kafin a yarda da awonta.

Tsarin hoto ukun nan yanzu yana cikin takardar tallan kamfani a matsayin sabuwar fasaharsu, babu sunana a ko'ina. Siton ya shiga kaka ta biyu ke nan ba a sake samun saɓani tsakanin rahoto da ƙirgar hannu ba.

An mayar wa Baba makullinsa, amma babu wanda ya je gidansa ya ba shi haƙuri sai ni. Ranar Alhamis na biya in yi masa sallama. Na same shi yana ƙirga layin buhuna yana sa alama da alli a jikin bango, wayar da aka ba shi don duba rahoto tana aljihu a kashe. Na ce, "Baba, na bar aikin." Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, ɗana. Wanda zai zo a madadinka, ka ce masa ya fara zuwa wurina ya ga littafi kafin ya hau tsani." Na rubuta wannan a shafin farko na takardar miƙa aiki, sama da lambobin saitin.