Na koma ɗalibta a Uppsala da furfura a gemu

Labarin sanyi da duhun Suwidin na sha shi tun kafin in baro Gusau, har an gaya mini a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe uku. Wanda ba a ba ni ba shi ne labarin aji.

Jami'ar Uppsala tsohuwa ce, tun 1477 take, amma farfesa da sunansa gatsau ake kiransa. Bakina ya daɗe bai iya ba, don a gidanmu ko yayanka ba ka yi masa haka.

Ajinmu na digiri na biyu rabinsa magidanta ne. Wata safiya abokiyar karatunmu, mai yara biyu, ta shigo bayan darasi ya yi nisa, dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗarta, tana haki. Ni da na koyar shekaru a gida, gabana ne ya faɗi dominta. Malamar ta ɗaga kai, ta nuna mata kujera, ta ci gaba da bayani. Sai a hutun shan kofi ta same ta a gefe, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yaya jikin yaron?" Sannan ta nuna mata shafin da aka tsaya. A gida na taɓa ganin an tsayar da mai 'ya'ya biyar a bakin ƙofar aji, ana yi masa tsawa gaban sa'annin 'ya'yansa. Mutumin bai sake ɗaga hannu ba har aka gama zangon, kuma har yau abin na ci mini rai.

Kada a ɗauka sakaci ne. Tun ranar farko ake ba ka ƙa'idojin kwas a rubuce: ranar miƙa aiki, da ma'aunin maki. Wanda ya kwafi aikin wani, gaban kwamitin ladabtarwa zai gurfana, kuma ana iya dakatar da shi har wata shida, babu roƙo babu kamun ƙafa. Amma faɗuwa jarrabawa ba abin kunya ba ne, akwai ranar sakewa a ajiye. Idan ma za a ƙayyade yawan sakewar, doka ta ce kada zaman jarrabawar ya gaza biyar.

Wannan hali yana da tushe. An hana dukan yara a makarantun Suwidin a 1958, a 1979 kuma ta zama ƙasa ta farko da ta hana shi har cikin gida. Malamanmu ba su tashi da bulala ba, shi ya sa tsoratarwa ba ta cikin kayan aikinsu.

Kewar gaisuwa kam ina yi. Maƙwabcina sai ya wuce ni da ɗan murmushi kawai. Amma a aji na saki jiki, ina musu da malami ba tare da fargabar makina ba. A ƙarshen kowane kwas mu ma mukan auna koyarwar ba tare da sa suna ba. Mun koka cewa karatun makon ƙarshe ya yi wa masu iyali yawa, kuma 'yan ajin da suka biyo bayanmu sun tarar an rage shi.