Abin da dattawa suka koya min a shagon waya

Ni dai sana'ata gyaran waya ce, a wani ɗan shago a nan Tudun Wada ta Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci. Lokacin da na fara koyo a wurin maigidana na ɗauka duk aikin bai wuce canza sikirin da gyara wurin caji da fulashin (sake ɗora wa waya manhaja) ba, ashe kusan rabin yinin mutum a wurin dattawa zai ƙare, waɗanda wayarsu lafiyarta ƙalau ba abin da ya same ta, kawai dai ta ƙi yi musu abin da suke so ne. Ɗa ne ko 'ya a Abuja ko Legas ko Saudiyya ta aiko da babbar waya, Tecno ko Itel ko Infinix, an ce Baba ga shi nan mu dinga ganin ka a bidiyo, an buɗe masa WhatsApp ranar da aka kawo, shikenan kowa ya watse. Baba kuma har yanzu rakani-kashinsa tana aljihun gaba, ita ce ta kira, babbar tana nannaɗe a hankici kamar wani kayan gado.

Abin da ya daɗe yana ɗaure min kai shi ne, gidajen nan cike suke da samari da 'yan mata da jikoki da suka fi ni ma iya latse-latse, to me zai sa tsoho ya hau Keke Napep tun daga Rigasa ko Unguwar Sanusi ya zo shago don a nuna masa yadda ake tura hoto? Sai a hankali na gane. A gida in ya ce wane zo ka nuna min kaza, yaron zai ce kawo Baba, ya karɓe wayar, ya yi tsak tsak tsak ya miƙo masa, an yi. An yi ɗin kuwa, amma Baba bai ga komai ba, gobe ma sai ya sake kira, jibi in ya kira sai ya ga yaro ya ɗan yamutsa fuska ko ya ce haba Baba ai jiya na nuna maka. Mutumin da ya riƙe gida shekara arba'in, shi ake tambaya komai, yau jikansa ke masa wannan kallon. Wallahi da yawansu gara su biya kuɗin mota su zo wurin bare. Ga kuma maganar sirri, ba kowace magana uba yake so ɗansa ya ji ba, wayar kuma in ta shiga hannun yara sai ta dawo data ta ƙare a TikTok.

Don haka abu mafi wuya da na koya a aikin nan shi ne riƙe hannuna. In Hajiya ta zauna a benci, wayar tana hannunta take zama, ni baki kawai, Mama ku taɓa koren nan, a'a na ƙasa, yawwa, to yanzu ku nemo hoton 'yarku. Tana yi tana ɓata, ta fita daga inda muke ta faɗa kyamara ta ga fuskarta ta ce a'uzubillahi, mu yi dariya mu koma farko. Hannuna har ƙaiƙayi yake don abu ne na daƙiƙa biyu, ga kwastoma a tsaye yana jiran cajarsa, amma duk wadda na bari ta yi da yatsanta har ta maimaita, da wuya ta dawo a kan wannan matsalar.

Kuma yawancin abin da muke cewa rashin ganewa ne, ba a kai yake ba, a yatsa yake da ido. Mutumin da tun da GSM ta shigo Najeriya a 2001 yake danna maɓalli da ƙarfi har sai ya ji ƙas, shi za ka ce ya shafa a hankali ya ɗauke? Dannewa yake ya riƙe, ita kuma Android a wurinta taɓawa daban, dannewa a riƙe daban, sai ka ga WhatsApp ɗin ta bi yatsansa ta koma wani shafi ko ta ɓace daga fuskar wayar, ya zo hankali tashe wai an goge masa komai. Akwai wuri a saitin, ɓangaren da aka yi don masu larurar gani da ji, inda ake tsawaita lokacin da waya za ta jira kafin ta ɗauka dannewa aka yi, ina sa shi a mafi tsawo. Rubutu in ƙara masa girma har ƙarshe. Fuskar wayar in share duk tarkacen da kamfani ya cika ta da su, in bar kira da WhatsApp da kyamara da Alƙur'ani da tocila. Yatsun wasu ma, musamman masu aikin hannu, kafintoci da manoma da tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri, sun yi kanta sun bushe har sikirin ba ya jin su sosai, balle lokacin hunturu. Wannan ba wanda ya koya min a wurin gyara, zama da su ne.

Akwai wani malami da ke zuwa, dattijo ne mai almajirai, aka kawo shi aka ce min ai Malam bai iya karatu ba a sa masa hotuna kawai. Mutumin da ya haddace Alƙur'ani yake rubuta shi da ka! Na ce Allah gafarta Malam, in na sa muku haruffan Larabci za ku iya rubuta sunayen mutanenku? Ya dube ni ya ce ɗan nan dama akwai su a ciki? Na ƙara masa allon rubutu na Larabci, ya gyara zama ya ɗora tabarau, ya dinga ciro lambobi daga wani tsohon littafi da ya sha jiki yana adana su da ajami ɗaya bayan ɗaya, ba wasali ba komai amma shi ya san abinsa, ni ne ma na koma ɗan kallo don ban iya karanta abin da yake rubutawa da sauri ba. Tun daga nan in an ce min wane bai yi boko ba, tambayar da nake fara yi ita ce ya yi allo?

Wurin adana suna ma akwai abin lura. Za ka ce Mama wane suna zan sa wa wannan lambar, ta yi shiru ta kau da kai ta ce sa Babban kawai, ko sa na Abuja. Ɗan fari ne, ba za ta faɗi sunansa ba, miji kuwa Malam ne ko Alhaji ko Maigida. Yaron da bai san wannan ba sai ya tsaya yana matsa mata wai ai dole sai da suna. Ba dole ba ne, abin da ta ce shi za ka rubuta, ka ɗora hoto a kai, sannan ka manna mata mutum ukun da ta fi magana da su a saman WhatsApp, don uku ake iya mannawa, kullum ta buɗe suna nan ba sai ta nema ba.

Amma abin da ya buɗe wa dattawa ƙofa da gaske saƙon murya ne, wanda WhatsApp ta kawo tun 2013. Ranar da tsoho ya gane cewa zai danne ɗan makirfon nan ya yi magana ta tafi Jidda, to ya gama da kai. Ai su ba baƙon abu ba ne a wurinsu, mutanen da suka yi zamanin ɗaukar magana a kaset a ba alhazai su kai wa 'yan uwa a Makka, suka yi zamanin aika katin zaɓi sonka a Rediyon Kaduna a zauna ana jiran a ji an karanto suna. Matsalar dai yatsa kan zame a tsakiyar magana saƙon ya yanke, sai na koya musu ja sama ya kulle. Kuma saƙonsu ba irin namu ba ne, sallama ce cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki, ya ruwa, a gaida wance da wance, sai an ci minti biyu kafin a zo kan maganar, wani lokacin ma ba maganar, gaisuwar ce kawai. Yara na ƙorafi wai Baba na cika musu waya, har suna sa saurin nan na ninki biyu su ji shi yana magana kamar ana korar sa. Ni kam a nan ina bayan dattawa. Wani Alhaji ya taɓa tambaya ta ma'anar 'yan layukan nan biyu da ke komawa shuɗi, na ce ranka ya daɗe alama ce an buɗe saƙon, ya yi shiru ya ce to ashe yaron nan yana gani tun shekaranjiya. Ban san abin da zan ce masa ba, na dai ce wataƙila aiki ne ya yi masa yawa. A wurinsu wanda aka yi wa sallama ya ji bai amsa ba ya yi laifi, ko a zaure ko a waya, kuma ban ga inda suka yi kuskure ba.

Ba duka ne suka shigo da son ransu ba fa. Kullen korona na 2020, wanda a Kaduna ya yi tsawo sosai, aka rufe masallatai da kasuwanni ba zuwa suna ba zuwa ta'aziyya, shi ya fara tura da yawa. Sai haɗa layi da NIN da aka fara a ƙarshen shekarar. Sai kuma wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da tsohuwa mai sayar da ƙosai ma sai da ta nemi lambar asusu don ba tsabar kuɗi a gari. To daga nan ne waya ta zama wurin ajiyar kuɗi, 'yan damfara kuma suka samu kasuwa.

Su 'yan damfarar nan sun fi 'ya'yanmu sanin yadda ake magana da manya, abin takaicin ke nan. Zai kira da sallama da ladabi, Baba ina wuni, daga ƙungiyar masallaci ne ko daga banki ne ko za a sa ku a tallafi, yanzu za a turo muku wasu lambobi shida ku karanto min. Lambobin nan shida su ne mabuɗin WhatsApp ɗinsa, yana karantawa an ɗauke, kafin la'asar an bi duk 'yan uwa da abokan arziki ana cewa ina asibiti a taimaka a tura kaza. Kuma da yake sunan dattijo ne mai mutunci, turawa ake yi ba tambaya. Wanda abin ya faɗa wa ba asarar kuɗin ce ke cin sa ba kamar kunyar an yi bara da sunansa. Yanzu duk wanda na buɗe wa WhatsApp sai na sa masa lambar sirri ta biyu, shi zai zaɓa ya danna da kansa ni in juya baya, ya rubuta a takarda ya ajiye a gida ba a bayan waya ba. Wasu har su ce haba ɗana ai kai namu ne riƙe min kawai, in ce a'a Baba, ko ni na kira ku na ce ku karanto min lamba ku kashe wayar. Don gaskiya a cikin masu sana'armu ma akwai ɓata-gari, ana ba su waya gyara da lambar banki a ciki.

Sai maganar guruf. Na dangi, na unguwa, na 'yan fansho, na waɗanda aka yi aikin Hajji tare, kowanne ana zuba wa'azi da hoton barka da Juma'a mai furanni da bidiyon maganin suga da hawan jini, waya mai ƙaramin memori ta cika ta fara sanƙarewa, data ta dubu biyu ta tafi a kwana kaɗan, balle tun da aka ƙara kuɗin kira da data a 2025. Gyaran ba wuya, a kashe saukar da abu da kansa, sai wanda mutum ya taɓa. Ana yawan zargin tsofaffi da yaɗa ƙarya, eh suna turawa, don a ganinsu abin da aka rubuta ko aka ji malami ya faɗa ba zai zama ƙarya ba, amma daren da aka tashi mutane wankan ruwan gishiri saboda Ebola a 2014 ai ba tsofaffi kaɗai suka yi ba, har da masu digiri. Ina dai nuna musu 'yar alamar kibiya da ke saman saƙo, in ce wannan ba wanda ya turo muku ne ya rubuta ba, yawo yake, ku tambaya kafin ku sha wani abu.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi yanzu shi ne ajiyar saƙonni a Google, don na ga matar da wayarta ta faɗa ruwa, ita ba wayar ce ta dame ta ba, muryar mijinta marigayi ce a ciki, kuma ba a taɓa yi mata ajiyar ba, imel ɗin ma wani yaro ne ya buɗe a kasuwa ba wanda ya san lambar sirrinsa. Mun yi iya yinmu allon injin wayar ya riga ya ƙone.

Maigidana yakan yi min tsiya wai na mayar masa da shago makarantar yaƙi da jahilci, awa guda a kan mutum ɗaya kuma a ƙarshe a ba ka goro da Allah ya yi albarka. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, haya ba ta jiran albarka. Amma shi ma ya lura dattijo in ya yarda da kai, wayar gidansa kaf nan za a kawo, har da ta surukai. Waɗanda nake jin haushi da gaske su ne masu yin manhajojin. Ka sha wahala ka koya wa tsohuwa cewa kira yana sama ta dama, ta riƙe, ta yi wata da watanni tana abinta, sai a yi afdet cikin dare, kamar yadda WhatsApp ta kwaso maɓallanta daga sama ta dawo da su ƙasa a Android a 2024. Makon da aka yi hakan benci bai huta ba, kowa da maganar da yake zuwa da ita, ɗan nan duba min jikokin nan sun sake taɓa min waya, ni kuma in ta rantsuwa ina wanke yaran da ba su san hawa ba balle sauka.